Sannu-Sannu da Tanderun Surukinsa

Yayana direban katafila ne a sashen ayyuka na hukumar garinmu. Shekara talatin da huɗu yana kan ƙarfen nan, har ƙugunsa ya koyi zaman kujerarta. Ko a gida ya zauna sai ka ga ya karkata hagu kamar mai leƙen abin da zai ture. Kowa Sannu-Sannu yake ce masa, har 'ya'yansa in ba ya kusa. Ba ya sauri a tuƙi, ba ya sauri a magana, abinci ma sai an kwashe kwanuka a bar shi da nasa. Ni ce autar gidanmu, kuma duk bakin da Allah ya hana shi ni ya ba. Shagona na ɗinki yana kallon ƙofar garejin hukumar, saboda haka yawancin abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

Katafilar ta girmi ɗana na fari. Fentinta ya koɗe, kujerarta da robar taya aka ɗaure ta, tiyon mai kuwa ya sha faci har ba ka gane asalinsa. Shekara huɗu Yaya yana rubuta takardar neman gyara, amsa ɗaya ake ba shi: babu kuɗi. Da waya da addu'a yake tafiyar da ita. Duk da haka in ruwa ya cinye hanya shi ake kira, ya je ya cike ramin a hankali, mata su miƙo masa ruwan sha ta kan katanga. Lokacin da abin nan ya faru, wata bakwai ya rage ya yi ritaya. Ba shi da wani buri a duniya sai ya ajiye makulli lafiya, ya karɓi fanshonsa, ya zauna.

Surukinsa, mahaifin matarsa, shi ne Baba Mai Burodi. Tanderunsa na jan bulo yana bayan gida ta bakin layi, kuma shekara arba'in bai taɓa hucewa ba. Da ƙamshinsa yaran unguwar suke sanin lokacin makaranta ya yi. Yaya yana jin kunyar Baba kamar me. Ban taɓa ganin ya haɗa ido da shi ba.

Shi kuma Ciyaman ɗinmu, wanda yanzu ake buɗe wa ƙofar mota, a gidan burodin nan ya yi kwaɓa lokacin samartaka. Wata rana Baba ya kama shi yana fitar da buhun fulawa ta ƙofar baya. Bai kai shi wurin 'yan sanda ba. Sa shi ya yi ya ɗora buhun a ka, ya zagayo da shi ta bakin titi ya shigo ta ƙofar gaba, masu saye suna kallo, sannan ya kore shi. Na yarda Baba ya yi zafi ranar. Amma shekara ashirin da shida fa! Mutum ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya yi tumbi, ya ci zaɓe, kuma buhun yana nan a kansa. Bayan ya hau mulki har tsayawa yake ya gaida Baba ta tagar mota, muka ce ya manta. Ashe wutar ƙaiƙayi ce.

Sai aka ce hukuma ta ware kuɗin babbar magudanar ruwa. Muka yi murna, don kowa ya san inda ruwa yake kwanciya: gangaren kasuwa, inda mata suke tattare zani su bi ta cikin kwata. Wata safiya muka tashi muka ga jan fenti a layin su Baba, layin da yake kan tudu, inda ko akuya ta yi fitsari gangarewa yake. Alamar ta taho a miƙe ta tsakiyar hanya, da ta zo daidai gidan Baba sai ta lanƙwashe kamar ƙafar kare, ta haɗiye tanderun, ta koma hanyarta.

Injiniyan hukuma ya kira Yaya ofis ya ce ranar Alhamis za a yi aikin rushe tanderun. Yaya ya daɗe yana murza hularsa kafin ya ce gidan surukinsa ne. Injiniya ba mugu ba ne, matsoraci ne kawai. Ya rufe ƙofa ya rage murya.

“Na sani. Shi ya sa Ciyaman ya ambaci sunanka da bakinsa. Kuma takardar ritayarka tana kan teburinsa, bai sa hannu ba tukuna.”

Yaya ya fito ya tsallako titi ya zauna a kan bencina. Da ya gaya mini, na ajiye almakashi na ce sai na je sakatariya na tsige mutumin nan tas a gaban ma'aikatansa. Yaya ya ce in zauna, bakina ba zai ciyar da 'ya'yansa ba. Na koma kan ɗinkina har na gama kalmasa zani guda. Can sai na ga ya yi murmushi.

Dabararsa ita ce ya kashe katafilar. Washegari da rana, ma'aikata sun tafi cin abinci, ya kwance famfon mai, ya zare wani ɗan ƙarfe daga cikinsa, ya mayar ya ɗaure. Ɗan ƙarfen a buhun ƙyallayena ya kwana. Ya je ya gaya wa Injiniya famfo ya mutu, kuma irinsa an daina yi tun tuni. Lissafinsa mai kyau ne, don ya san gidan da yake aiki. Hukumar da ta kasa sayen tiyo a shekara huɗu, ina za ta sayi famfo? Kafin takarda ta bi tebur bakwai, shi ya yi ritaya, Ciyaman ma wataƙila ya huce ko ya sami wani abokin faɗan. Wallahi ni ma na yi dariya, har na saya masa lemo.

Kwana biyu aka yi. Rana ta uku ina buɗe shago na ga babbar mota a ƙofar gareji. Aka sauke sabon famfo a kwalinsa, da kanikawa biyu daga babban birni, da tiyo, da batir, da sabuwar kujera a leda, har da gwangwanayen fenti. Duk abin da Yaya ya roƙa a shekara huɗu ya zo a mota ɗaya. Daga baya aka ce kuɗin rufin ɗakin haihuwa na asibitinmu ne aka juyo. Ban ga takarda ba, amma na san rufin, don a ƙarƙashinsa na haifi autata an tara roba kusa da kaina. Har yau yana yoyo.

Kafin la'asar katafila ta tashi da wani irin ruri da ban taɓa ji ba. Ina hango Yaya a tsaye gefe, hannu a baya. Da kanikawan suka matsa, na ga ya hau ya shafa sabuwar kujerar. Abin nan ya fi komai yi mini ciwo, don na san yana son ƙarfen nan tsakani da Allah, kuma ya daɗe yana mafarkin ganinta haka.

Matarsa ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi ita ba ta ce ya yi ba, ba ta ce ya bari ba, ya je ya ji daga bakin Baba. Ya tafi da niyyar ya ce zai ajiye aikin, fansho ya bi ruwa. Baba ya saurare shi har ya gama, sannan ya kama hannunsa ya zagaya da shi bayan tanderu. Ya nuna masa inda bangon tanderun ya haɗu da bangon ɗakin Inna, matar Baba, wadda ta shekara uku a kwance ba ta tashi.

“In ka ƙi, direban haya za su ɗauko,” in ji Baba. “Wanda za su kawo bai san akwai mutum a bayan bangon nan ba, kuma ba zai tambaya ba. Gara kai, ɗana.”

Gaba kura, baya sayaki. Ya je neman izinin ƙin aikin, ya dawo da umarni biyu, na Ciyaman da na Baba.

Ranar aikin na rufe shago na bi shi a ƙafa, kuma ban sha wahalar cim masa ba. 'Yan sanda huɗu suna bakin layi. Motar Ciyaman tana can ƙarshen layin a inuwa, an sauke gilashi kamar faɗin yatsa uku. Inna ta ƙi a ɗaga ta, ta ce a ɗakinta za ta zauna, matar Yaya ta shiga ta zauna da ita. Mutanen unguwa sun cika bakin ƙofofinsu.

Baba ya fito da farar rigarsa ta aiki ya tsaya a gaban katafila. Na ɗauka tare hanya zai yi, 'yan sandan ma sun fara matsowa. Ashe jagora zai yi. Ya ɗaga hannu yana yafito Yaya: taho, taho, dama kaɗan, tsaya. Yaya ya sauke bakin katafilar a kan bulo na sama kamar mai ɗaukar ƙwai. Layin bulo ɗaya yake zarewa, ya ja baya, ya jira hannun Baba, ya sake matsowa. Da rufin tanderun ya faɗa ciki, zafi ya taso ya buge mu har inda muke tsaye, da ƙamshin burodi, ko da yake kwana biyu ba a gasa komai ba. Wata mata a bayana ta fashe da kuka.

Aikin minti goma ya ci awa uku. Tun kafin a yi rabi motar Ciyaman ta ja ta tafi, ina jin bai sami irin kallon da ya zo yi ba. Da aka gama, bangon ɗakin Inna yana tsaye, ko tsaga babu. Baba ya shafa shi daga sama har ƙasa, ya juyo ya ce wa Yaya Allah ya yi masa albarka. Yaya ya juya katafilar ya nufi gareji.

Magudana dai ba a haƙa ba. An kafa allo mai hoton Ciyaman a kan tarin bulon, shi ke nan. Baba ya koma zaman ƙofar gida. Katafila kuwa tunda ta warke sai aiki ya same ta: rumfar wani mai kiran gidan rediyo yana ƙorafi, katangar wani kansila da ya sauya sheƙa, shagon ƙanin tsohuwar matar Ciyaman. Duk Yaya ake turawa. Matan da suke miƙo masa ruwa suka koma janye yaransu in sun ji rurinta. Ya daina bin layin su Baba ko a ƙafa. In na yi masa faɗa sai ya ce in yi haƙuri, saura wata huɗu, saura wata biyu.

Da wata bakwai ɗin suka cika, ya shigo shagona da ambulan. Idonsa ya fara rauni, ni nake karanta masa takardu. Na buɗe da murna, ina cewa yau sai ya saya mini lemo shi ma. Takardar ta ce saboda ƙwazonsa da ƙwarewarsa, kuma saboda babu wanda zai maye gurbinsa, hukuma ta ƙara masa shekara biyu a bakin aiki. Maganar fansho sai bayan nan. Shekara biyu kuwa ita ce daidai abin da ya rage wa Ciyaman a kan kujera.

Na zagi Ciyaman, na zagi Injiniya, na zagi wanda ya buga takardar da wanda ya liƙe ambulan. Na ce mu je kotu, mu je rediyo. Yaya ya tambaye ni rumfar wa ya ture a watan jiya, yana nufin ta mai kiran rediyon nan.

“Sake karanta mini wurin shekarun,” ya ce.

Na sake. Ya karɓi takardar ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu. Sannan ya miƙe tsaye a tsakiyar shagon, ya ware hannuwansa.

“Auta, auna ni. Rigar aikin nan ba za ta kai shekara biyu ba.”

Na ɗauko tef na zagaya ƙugunsa. Ya ragu da inci huɗu daga awon da yake littafina. Na rubuta sabon a ƙasan tsohon, na ce ya dawo ranar Litinin.