Kalilu, Mai Injin da Ba Ya Ƙarasa Sussuka

Na Allah ne mu, kuma wurinSa kowa ya nufa. A ranar Laraba, 14 ga Janairu, 2009, Allah Ya karɓi ran Malam Kalilu Mai Inji a gidansa da ke ƙauyenmu kusa da Baure, bayan ciwon ƙirjin da ya daɗe yana ɓoye mana. Ni Ya'u taubashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito. Tun muna yara ban taɓa barinsa ya huta da tsokana ba, yau ga shi na wayi gari ba ni da wanda zan tsokana.

Kalilu, kai ka fara kawo injin sussuka yankinmu a kan amalanken shanu, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jihar nan. Kafin nan matanmu ne injin: turmi da taɓarya tun asuba, ƙaiƙayi a ido da wuya, hannu duk kanta. Ranar da ka tayar da shi a fili, aka zura zangarniyar gero ta nan, tsaba ta zubo ta can, tsofaffi suka yi ta salati. Na ce maka wannan abu haɗama gare shi kamar kai a gaban tuwo. Ka yi dariya, ka ce ai shi ya sa sai an tsaya a kansa.

Ban gane maganar ba sai da na ga aikinka. Ba ka taɓa sussuke wa magidanci hatsinsa duka ba. In aka tara dammuna, sai ka tambayi baki nawa ne a gidan, ka ware abin da za su ci har kaka ta zagayo, ka ce a mayar da shi rumbu da zangarniyarsa. Sauran ne kake ba inji, da ya ƙare kuma ka kashe, ko da mai hatsi zai yi birgima a ƙasa. Dalilinka ɗaya ne, ka faɗe shi har muka haddace. Geron da ke cikin zangarniya ba ya saurin barin gida, don sai mace ta sussuka daidai na tuwon ranar. Wanda ya shiga buhu kuwa, kasuwa ɗaya ta ishe shi.

An zage ka a kan haka, har da ni a cikin masu zagin. Na ce ban taɓa ganin mai sana'ar da ke korar aiki da hannunsa ba sai kai. Audi maƙwabcinmu ya fi kowa fushi. A kakar 2004 masu sayen hatsi suka cika gari da motoci, shi kuma ransa na kan babur. Ka kashe inji alhali da sauran dammuna tsibi guda.

"Malam Kalilu, gerona ne ko naka?" in ji shi.

"Naka ne, Audi, injin kuma nawa ne. Kwashe sauran ka kai rumbu, na iyalinka ne."

Ya daina gaishe ka har damina ta faɗi. A daminar ce hatsi ya gagari talaka, muka ga gidaje suna kwana a kan tafasa da zogale, ba ko gari. Gidan Audi hayaƙi bai yanke ba. Bai zo ya ba ka haƙuri ba, kai ma ba ka nema ba, amma ranar jana'izarka shi ya fara sauka kabari ya karɓe ka, yana kuka ba ya ko ɓoyewa.

Tsofaffin matan da injinka ya raba da aikin sussukar da suke ci da shi, ba ka manta da su ba. Kai ne kake sa masu hatsi su bar musu ƙaiƙayi su shiƙe, kana sane da tsabar da ta saura a ciki. Wannan ƙaiƙayin ne kuma ya cinye maka ƙirji, don a bakin injin kake wuni da ɗan ƙyalle a hanci. Sau nawa na ce ka bar wa yara, ka koma inuwa? Ka ce yara sun iya tayarwa, amma wa zai kashe?

Ka yi gaskiya, kuma gaskiyar ce ke hana ni sukuni. Yanzu injuna sun yi yawa, samarin da ke jan su ba sa tambayar baki nawa ne a gida. Ban ga laifinsu ba, neman abinci suke yi. Rumbuna na zubewa ɗaya bayan ɗaya, ba mai gyarawa. Na duba gabas da yamma, ban ga wanda zai ɗauki halinka ba, kuma ba na zaton zan gani.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru bayan sadakar arba'in. Babban ɗanka Sabiru da 'yan'uwansa suka nemi rabon gado. Malamin da ya zo rabon ya ce ba yadda za a fitar wa kowa haƙƙinsa sai an auna hatsin. Bai yi ƙarya ba, hukuncin Allah ne, ba mai ja da shi. Sai aka sauke jinkar rumbunka, aka jawo injinka har gindinsa, aka fara fito da geron da ka yi shekaru kana tarawa.

Matarka Maijidda na ɗaki tana takaba, tana jin ƙarar. Da rana ta take ta aiko a kira ni, na tsaya a bakin ƙofa.

"Ya'u," ta ce, "har yanzu bai kai wurin kashewa ba?"

Injin bai tsaya ba sai da rumbun ya koma fayau. Kafin la'asar motar masu saye ta kwashe kason 'ya'yan, injin ma wani mutumin Dutsi ya saye shi. Tumunin Maijidda yana jingine a ɗakinta cikin buhu, kuma tun yanzu masu bukata sun fara sallama. Ita ba ta iya hanawa ba, kai ne mai hanawa. Ba na jin zai kai ta damina.

Allah Ya jiƙanka, Kalilu. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi, Ya ciyar da kai a Aljanna kamar yadda ka hana gidaje kwana da yunwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Maijidda, da Sabiru da ƙannensa, da dukkan dangi da mutanen ƙasar Baure. Allah Ya ba mu haƙuri. Ya Allah, ga Maijidda nan a hannunKa, Ka kai ta kaka, don rumbun mijinta yana nan a buɗe, jinkarsa a ƙasa, ba kuma wanda ya ce a mayar.