Cire Farce Kafin Wankan Gawa

Matan da suka zauna a gabana suka miƙo mini hannu tun da na fara gyaran farce, ban san adadinsu ba, yawancinsu ma fuskokinsu sun ɓace mini. Amma akwai wata safiya a unguwar Mamobi da ko tsufa ya lanƙwasa ni ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin ina 'yar koyo a wani ƙaramin shagon kwantena da ke bakin titi. Uwar ɗakina, wadda kowa ke kira Madam, mace ce mai kirki, sai dai bakinta ba ya ajiye magana. Aikina shara ne da wankin tawul da goge tsohon fenti. Akirilik kuwa, wato hodar nan da ake kwaɓawa a ɗora kan farce ta bushe ta yi tauri, sai dai in tsaya a bayanta ina kallo. A Zango, wato unguwanninmu na Musulmi, cire shi ba ƙaramin aiki ba ne, domin mata kan sa shi ne don biki ko a kwanakin da suke fashin salla, sannan su dawo a cire, tunda ruwan alwala ba ya ratsa shi. Na ga yadda ake yi har na haddace, amma ban taɓa yi ni kaɗai a hannun mai rai ba. Ni kuma Allah ya yi ni da tsoro, ko kofi na fasa sai na wuni ina fargaba.

Ran nan Madam ta tafi kasuwar Makola sayen kaya. Kafin ta fita ta ja mini kunne cewa kada in taɓa hannun kowa, injin gogar farce kuwa ko kallonsa kada in yi.

Ina cikin jera kwalaben fenti wata mata ta faɗo shagon ko sallama babu. Na gane ta, Madam ce ta sa mata dogayen farata masu duwatsu don bikin ƙawarta. Mayafinta a juye yake, ba ta ma sani ba. Yatsanta ɗaya na hagu yana naɗe da tsumma, jini ya ɓullo ta ciki.

"Ƙanwata, cire mini su," ta ce. "Mmana ya rasu da asuba."

Mahaifiyarta take nufi. Na yi salati, na yi mata gaisuwa da muryar da ni kaina ban gane ba. A tsaitsaye ta yi mini bayani. Ita kaɗai ce mace a wurin mahaifiyarta, kuma tsohuwar ta sha faɗa a gaban jama'a cewa in ta mutu 'yarta ce za ta wanke ta. An ɗora ruwa, ana ɗinkin likkafani, tsofaffin gida sun hallara. Da ta zo shiga ɗakin, gwaggonta ta dubi hannunta ta ce da waɗannan ƙahonin ba za ta taɓa gawa ba: za su karce fata, kuma ba ta da alwala. Ana idar da Azahar za a yi jana'iza, maza ba sa jira. Sai ta sa haƙori ta ɓamɓare ɗaya, ya fito da rabin farcenta na Allah.

Na kira Madam. Hayaniyar kasuwa ta cika wayar, da ƙyar nake jin ta. Ta ce ko yanzu ta hau mota, da cunkoson hanya sai an dawo daga maƙabarta za ta iso. "Kullum kina gani ina yi. Kar ki ɓamɓare, kar ki taɓa inji." Ta kashe wayarta ta bar ni da Allah.

Wallahi a lokacin na so in ce ban iya ba, in tura ta wani shagon. Amma shagon da na sani a kusa, can cikin unguwar Nima, da bakin wani ƙarfe suke ɗaga akirilik, mata na fitowa suna hura yatsu. Na ja kujera na ce ta zauna.

Na fara wanke yatsan da ya ji ciwo na sa masa filasta, na ce ta ware shi gefe, domin in asiton, ruwan da ke narkar da akirilik, ya taɓa shi sai ta yi ihu. Na datse tsawon sauran, duwatsun na zuba a kan tebur. Na ɗauki abin goga na goge ƙyallin saman har ya dushe, ina yi ina leƙawa kada in zarce zuwa nata. Na shafa basilin a fatar gefe, na jiƙa auduga da asiton na ɗora, na naɗe kowane yatsa da foyil, takardar azurfan nan. Na ruga wurin mai kokon da ke maƙwabtaka da mu na roƙi ruwan ɗumi, na jiƙa tawul na matse na lulluɓe hannuwan, saboda ɗumi na sa abin ya narke da wuri. Daga nan babu sauran aiki sai jira, kuma jiran nan shi ya kusa kashe ni.

Wayarta ta yi ƙara. Tunda ba ta da hannun ɗauka, ni na kanga mata a kunne, don haka duk abin da gwaggon ta faɗa na ji. Maza sun fara cika benci a ƙofar gida, liman ya aiko yana tambaya, in ba za ta zo ba a faɗa musu su fara. Matar ta ce tana hanya. Ta kalle ni, ta kalli injin da ke kan tebur. Ta ce ta sha ganin Madam na share farce da shi kafin a ƙifta ido, in kunna don Allah. Na ce ban iya ba. Gaskiya ce, a hannun roba na koyo kawai nake gwada shi, kuma shi ma ramuka nake yi masa.

"To zan cire da kaina," ta ce, ta kai foyil bakinta.

Har yau ban san inda na samo ƙarfin ba. Ni da ko ido ba na iya haɗawa da manya, sai ga ni na riƙe wuyan hannunta biyu na danne a kan tawul.

"Yaya, ki yi haƙuri. In sauran ma suka yi jini, da wane hannu za ki taɓa Mma?"

Ta tsaya cak. Sai kukan da ta riƙe tun asuba ya ƙwace. Hawaye na zuba, hanci na zuba, ga yatsu a ɗaure, ni na riƙa share mata da bakin mayafinta. Tana kuka tana gaya mini cewa tsohuwar ta yi mata faɗa a kan faratan, ita kuma ta yi dariya ta ce kwana kaɗan ne. Ina jin ta, amma rabin hankalina na kan masallacin bayanmu. Da ladan ya hura lasifika yana gwaji sai da gabana ya faɗi, ashe gyara suke yi.

Na buɗe na farko. Akirilik ɗin ya yi laushi ya kumbura, na sa ɗan tsinken katako na tura a hankali, ya zubo kamar jiƙaƙƙen gari. Na yi hamdala. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Da na iso manyan yatsu biyu, suka ce ba su san zancen ba. Madam ta zuba musu da kauri, tsakiyar ko gezau. Tsinken na hannuna, na ga wata 'yar kafa a gefe, da na ɗan soka na ɗaga shi ke nan. Zuciyata ta ce in yi, ita ma idonta na cewa in yi. Na ajiye tsinken, na ƙara goge saman, na jiƙa sabuwar auduga na sake naɗewa. Wayar ta sake ƙara, babu wadda ta kalle ta a cikinmu. Gumi ya jiƙa rigata har baya, ina ta tunanin in aka wanke tsohuwar nan ba da ita ba, ni ce na riƙe ta.

Da na sake buɗewa suka saki. Faratan nata suka fito fari-fari, sun ɗan yi siriri, amma babu tsaga, babu jini. Na miƙa hannu zan ɗauko man da muke shafawa a ƙarshe, ta janye da sauri ta ce alwala za ta yi. Na kawo sabulu muka wanke basilin tas, ta karɓi butar shago ta yi alwala nan bakin ƙofa. Ta tare mai babur ta hau, ko waiwaye ba ta yi ba.

Da aka kira Azahar na kasa cin abinci. Madam ta dawo da yamma, ta dubi ɓurɓushin da ke cikin kwandon shara, ta juya shi da yatsa tana neman farcen mutum a ciki ba ta samu ba. Abin da ta ce kawai shi ne na yi ɓarnar foyil. Ni dai ban san ko matar ta samu shiga ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya. Kwanakin nan duk mai mayafin da ta gifta sai na leƙa.

Ranar da aka yi addu'ar mamaciyar sai ga ta da masar sadaka a leda. Ta ce gwaggon da ke ta yi mata tsawa a waya, ashe kujera ta sa ta zauna a bakin ɗakin, ta ce babu mai shiga sai 'yar ta zo. Ta ɗora hannuwanta a kan teburina, filasta na nan a yatsa ɗaya.

"Ni na wanke Mma," ta ce. "Ni na yi ma Mma kitso na ƙarshe. Medase, na gode, ƙanwata."

Na shige bayan labule na yi kukana.

Yanzu ni ma ina da 'yan koyo, kuma cirewa nake fara koya musu kafin sawa. Abin da na ɗauka daga ranar nan shi ne, wanda ke cikin tashin hankali zai roƙe ka ka yi masa abin da zai cutar da shi, kuma da gaske yake roƙon. Tausayin da zai amfane shi shi ne ka riƙe hannunsa ka ce a'a, ka zauna ka yi jiran tare da shi, ko da kai ma a tsorace kake.