Ƙofar Murja

Duk wanda ya zauna a Wudil a shekarun da kuɗin fetur suka sa kowa rushe ɗakin ƙasa ya san Halliru magini. Gajere ne kakkaura, ga hannu mai kyau: in ya ɗora maka bulo ko igiya ba sai an ja ba. Aibinsa ɗaya, baki. Wallahi harshen Halliru ya fi cebur ɗinsa sauri. Da shi ya saki matarsa Hansai sau biyu ana mai da aure. Ran da ya yi na uku, a kan abin da bai taka kara ya karya ba, sai ga ƙato a zaure yana kuka kamar yaro. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Da idda ta cika, baffan Hansai ya zo daga Kausani da amalanke, aka zauna rabon kaya a gaban liman. Gado, tasoshi, tukwane da awaki duk nata ne, ba wanda ya ja. Sai aka zo kan gida. Fili gadon Halliru ne, shi ya yi ginin, amma kwanon da ke kan ɗakuna biyu na gabas Hansai ce ta saya da sana'arta ta man gyaɗa.

"A ɓamɓare mata kwanonta," in ji Sabo, yayan Halliru. "Yarinya kuma a kai ta Indabo wurin gwaggonta. Ɗa na uba ne."

Yarinyar ita ce Murja, 'yarsu tilo, mai shekara shida. Liman ya yi gyaran murya ya ce a shari'a riƙo na uwa ne, ci da sutura na uba. Halliru ya auna. In an bi Sabo, Murja tana Indabo ba uwa ba uba. In an bi liman, tana Kausani, shi sai gani daga salla zuwa salla. Ko ta ina ya rasa 'yarsa, kuma shi ya jawo.

"Yaya," ya ce, "kwanon da aka cire ai rariya ne, duk hujin ƙusa. Ba zan sallami uwar 'yata da rariya ba. Ɗakunan nan biyu na bar mata, har da ƙasar da suke kai. Malam, ka shaida."

Sabo ya riƙe baki. "Kai Halliru, lafiyarka kuwa? Matar da ta haramta gare ka, ku zauna gida ɗaya?"

"Gida biyu, Yaya. Ai sana'ata ce."

Baffa ya leƙa ciki ya tambayi Hansai. Ta ce, "Na yarda, Baffa, saboda yarinyar. Amma ko ƙeyarsa kada in gani."

Kwana huɗu Halliru ya ja katanga ta raba tsakar gidan, ya fasa wa Hansai tata ƙofar ta lungu. A tsakiyar katangar kuma ya bar wata 'yar ƙofa. Ya tsai da Murja, ya auna tsayinta, ya ƙara yatsu huɗu, ya ɗora katako. Babba ba zai wuce ba sai da rarrafe, to wa zai yi rarrafe da girmansa?

Ta nan komai yake bi. Halliru ya ajiye gero da sabulu a bakin ƙofar, Murja ta ja. Da yamma ta ɓullo da kwano a ka: "Baba, Inna ta ce tuwon ne ya yi yawa, kada a zubar." Shekara bakwai tuwon nan yana yin yawa! Abokai suka samu abin tsiya, wai ya saki mace ya riƙe tukunya. Halliru mai baki ya koyi haɗiye magana. 'Yan kwangila suka yi ta zawarcinsa ya koma Kano, inda ake ta tayar da benaye, ya ce iyakarsa gadar Wudil. Hansai ma manema sun zo, ta ce ba inda za ta. Kowace ƙaramar salla kuwa sai ya sake auna Murja, in kanta ya kusa taɓa katako ya ɗauko guduma ya cire layin bulo ɗaya.

Murja ta ɗebo tsawon dangin uwarta. A salla ta bakwai Halliru ya auna, ya ga in ya ɗaga ƙofar wannan karon, babba ma zai wuce a tsaye.

"Toshe ta kawai," in ji Sabo. "Yarinya ta girma, ta riƙa zagayawa ta lungu."

"Ba za ta fita titi ba don ta ga ubanta, Yaya."

Ya buga guduma. Da ƙura ta lafa, sai ga Hansai tsaye a bakin murhu, da ludayi a hannu, karo na farko da ya ga fuskarta tun ranar rabon kaya. Har yanzu yana sonta, wannan ko makaho ya gani. Taku uku ne tsakaninsu. Halliru ya sunkuyar da kai, ya tafi kasuwa ya sayo asabari, ya rataya shi a ƙofar ta ɓangarensa.

"Baba, me ya sa ka rufe?" in ji Murja.

"Ban rufe ba, ɗaga ki wuce. Ƙofarki ce, ba tawa ba."

Ta ɗaga ta wuce wurin uwarta ba tare da ta sunkuya ba. Shi kuma ya tattara kayan aikinsa ya koma zaure, ya zauna jiran tuwo.