Firintar Hajiya Kulu

A wani ofis kusa da Ƙofar Doka, wani siririn mutum mai koɗaɗɗiyar hula yana gaban kwamfutar da ke raba wa ma'aikata izinin na'urori. An umarce shi ya ƙwace izinin amfani da firinta daga rukunin masu tafireta, ya mallaka wa sababbin ɗauka. Suna ɗaya ya rage a tsohon rukunin: Kulu. Da yatsu goma yake buga rubutu. Da alama ita ta koya masa. Ya danna, ya cire mata izinin.

Sai ga dattijuwa Kulu da takardunta.

"Nasidi ɗana, firintar nan ta ƙi ni yau."

"Matsalar wuta ce, Hajiya," in ji shi, idonsa a kan takalminsa.

Ta ɗaga kai ta dubi fanka tana ta juyawa abinta.

"To, Allah ya kawo wutar."