Mandun da Pun-ok ta rage

A kasuwarmu ta Incheon, nan Koriya ta Kudu, ba mai kiran Pun-ok da sunanta, sai dai a ce "waccan da ta gudo daga Koriya ta Arewa". A rumfata take wanke kifi. In ta zo wucewa mata su yi tsit, wai 'yar leƙen asiri ce. Asirin me? Ƙayar kifi?

Gok kuwa, mai shagon abinci a tsallaken layi, nan aka haife shi, nan aka binne kakansa, amma har gobe Basine, wato ɗan China, ake ce masa. Yana yaro, iyaye hana 'ya'yansu cin abincin gidansu suke yi, wai ƙazanta. Abin bai bar shi ba har ya yi furfura.

To, wannan tuzurun ne ya ga Pun-ok ya rikice. Bakinsa nauyi gare shi, sai ya koma zance da faranti. Ya gayyace ta, ya dire mata mandu, curin ƙullun nan mai nama a ciki, ta cinye tas. Ya ƙaro, ta share. Ya sake ƙarowa yana zufa, ta share ita ma tana zufa. Kullum haka.

Rannan ta dawo tana dafa bango.

"Yaya, mutumin nan kashe ni zai yi. Na fasa zuwa."

Na tsallaka na same shi ya zabga tagumi.

"Kai Gok, mace kake nema ko kiwo kake yi?"

"Yaya, ba ta ƙoshi! A gidanmu baƙo sai ya rage kafin a san ya ƙoshi. Wanda ya kasa ƙosar da mace, da wane ido zai ce ta aure shi?"

Kai, na yi dariya har da riƙe ciki. Na komo na ce mata ta rage ɗaya kawai, magana ta ƙare. Ita ba ta yi dariya ba.

"In rage abinci? Yaya, shekarar yunwa ƙanena a bayana ya mutu, ina tafe ina yi masa alkawarin masara. Ni ban iya barin abinci ba."

Dariyar ta maƙale mini, tausayinta ya kama ni. Na ce to shi ke nan, ta zauna da kifinta, shi ma ya tsufa da tukunyarsa.

Washegari da rana sai ga ta ta sa jan baki, ta ja hannuna wai in raka ta. Gok ya kawo faranti. Ta ci, ta ci, har saura ɗaya. Ta kai tsinken cin abinci, ta janye. Ta sake kaiwa. Ta kuma janyewa. Can ta ajiye tsinken, ta zauna a kan hannayenta.

"Na ƙoshi," in ji ta.

Ƙaton nan ya fashe da kuka kamar an kwaɗe shi da ludayi.

"Za ki aure ni?"

"Zan aure ka. Kai, ina za ka da farantin?"

"Zubarwa zan yi."

"Ka zubar ka gani! Rufe mini shi." Ta daɗe tana kallon mandun. "Gobe na ci."

Tun da na san ta, ban taɓa jin ta ajiye wani abu don gobe ba.