Ƙayar Gwaggo Ottavia

Duk wanda ya tashi a garin Terni ya san Gwaggo Ottavia, mai sayar da furanni a bakin hanyar da ke hawa zuwa majami'ar waliyyi Valentino. Ƙanwar mahaifina ce, gajeriya, baki kamar reza, hannuwa duk tabo. Tun tana budurwa take wannan sana'a, kuma ba ta taɓa sayar da furen wardi ba sai da ƙayarsa. Sauran masu furanni kankarewa suke yi, ita kuwa ko da wasa.

Dalilinta na ji shi har na haddace. Wai a zamanin da, waliyyin yana cikin lambunsa sai ya jiyo saurayi da budurwa suna cacar baki a bayan shinge. Ya tsinko wardi ɗaya ya fito, ya ce su riƙe karan tare, su yi a hankali kada ƙaya ta soke su. Kafin su gama lalubar inda za su sa yatsu, faɗa ya mutu. Shi ya ɗaura musu aure daga baya, kuma wai tun daga nan masoya suka riƙa neman albarkarsa a watan Fabrairu.

"To in ka cire ƙayar me ya rage?" in ji Gwaggo. "Sai kowa ya fizga. Ƙayar ce ke sa mutum ya kalli hannun ɗan'uwansa."

Haka take sa duk masoyan da suka zo rumfarta su riƙe kara ɗaya tare, fuska a ɗaure. Da yawa sun tafi suna dariya.

Mijinta, Baba Nazzareno, mutum ne shiru-shiru da ya ƙare ƙuruciyarsa a masana'antar ƙarfe. Shekarar da ya ajiye aiki, zaman gida ya ishe shi. Ranar bikin waliyyin ya riga ta zuwa rumfa, don ya gaji da ganin yatsunta na jini. Ya zauna da 'yar wuƙarsa ya kankare furannin nan tas, yana jiran a yaba masa.

Ina wurin lokacin da ta iso, kuma har yau ina jin kunyar abin da ta faɗa.

"Shekara da shekaru muna tare ba ka san abin da nake sayarwa ba? Tashi ka ba ni wuri, tsohon banza!"

A gaban mutane fa. Ya naɗe wuƙarsa, ya nufi ɗan ɗakin da ke gonarsa ta zaitun, bai dawo ba.

Bazara ta zo ta wuce, aka tsinke zaitun, shiru. Kullum na shiga gidanta sai na tarar ta jera faranti biyu, ta ce mantuwa ce. Rannan haushi ya kama ni.

"Gwaggo, ki ɗauki fure ɗaya mu je gonar nan mana. Ba ke kike sasanta 'ya'yan mutane ba?"

"Ke, wa ya kasa da ke? Ƙafarsa ce ta kai shi, ita za ta dawo da shi."

Ashe dai wanzami ba ya son jarfa. Amma da sanyi ya shigo sai ta ce mini bikin da ke tafe ne na ƙarshe, za ta rufe rumfar. Da wane ido za ta ce wa yara su riƙe kara ɗaya, alhali nata auren yana can gona? Ranar na ji tsoro ƙwarai, don na san in ta rufe ba za ta ƙara neman sa ba.

Ranar biki layi ya miƙe har bakin titi. Ina ɗaure mata furanni sai na hango tsoho tsakanin samari, hula a hannu, ashe Baba Nazzareno ne. Da layi ya zo kansa ya ajiye reshen wardin daji a kan tebur, babu ko fure ɗaya, ƙaya zalla.

"Uwargida, ga kayanki na dawo miki da su."

"Ina furen?"

"Ai ƙaya na ɗauke miki. Fure kina da shi."

Ta zaro wardi ɗaya ta haɗa da reshen, ta miƙa masa. Babu wurin sa yatsa, dole ta duƙa tana nema masa. Nan ta ga hannuwansa duk sun yage.

"Wa ya ce ka karyo da hannu, tsohon nan? Ina wuƙar?"

"Na jefar da ita tun bara."

Gwaggo ta fashe da kuka, ni ma na taya ta. Wani saurayi a baya ya ɗaga murya: "Inna, mu fa? Tun ɗazu muke tsaye!"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ku jira, ɗana. Wannan ya riga ku shiga layi tun ba a haife ku ba."