Duhun da ke Tsakiyar Idon Malam Andrawus

Malam Andrawus mutumin Godogodo ne, Kirista mai riƙon addininsa, ya yi shekaru yana koyar da ilimin kimiyya a wata sakandare a Kafanchan. Mas'ala guda ta mallake zuciyarsa tun yana ɗalibi a Zariya. Masana sun ce idan babban tauraro ya mutu yakan rufta cikin kansa har ya zama ɗigo. Idan ɗigon yana da hijabin da haske ba ya kuɓuta daga gare shi, shi ne baƙin rami. Idan kuwa ba shi da hijabi, tsirara yake. Malam yakan ce wa ɗalibansa a hoto za a fara neman bambancin, domin mai hijabi tilas tsakiyarsa ta yi duhu, tsiraran kuwa mai yiwuwa ta yi haske. Burinsa Allah Ya raya shi ya ga wannan hoto da idonsa.

Ranar husufin rana na shekarar 2006, ya turara gilashi da hayaƙin fitilar kananzir, yadda ya ga dattawan garinsu suna yi. Kafin ya miƙa wa ɗalibai sai ya gwada da kansa, ya daɗe yana kallo da idanu biyu. Da ya ji zafi ya hana kowa taɓawa. Ɗaliban suka tsira, shi kuwa tsakiyar ganinsa ta ƙone. Tun daga ranar, duk abin da ya duba yakan ga gefensa, tsakiyarsa baƙa ƙirin. Allo ya gagare shi, ya ajiye aiki ya koma noman citta.

A shekarar 2019 aka fitar da hoton farko na irin wannan mataccen tauraro. Matarsa Milka ta kawo masa a waya har gona.

"Baban Serah, ga abin naka da ka hana mu barci a kai. Ashe ƙosai ne mai rami!"

Ya karɓi wayar. Ya ga zobe ja, tsakiya duhu. Ya ɗaga kai ya dubi fuskarta, nan ma tsakiya duhu.

"Maman Serah, don Allah, baƙin nan a hoton yake ko a idona?"

Dariyarta ta tsaya. "A hoton yake."

Ya juya wayar dama, ya juya hagu, ya kanne ido ɗaya. Sannan ya miƙa mata.

"Na yarda da ke," in ji shi. Ya sunkuya yana lalubar fartanyarsa.